Kalmar da ta Ɗaure Nomau

Akwai wata Talata a rayuwar aikina da ban taɓa mantawa da ita ba, ko da yake yanzu sunayen jikokina ma sai na yi lalube kafin in kamo. Tunda kun matsa in gaya muku abin da ya sa nake tsananta wa masu fassara, to ku gyara zama.

A ƙarshen shekarun 1920 ne, lokacin da ake shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Gusau. Ni ne ƙaramin akawu kuma tafinta a ofishin Di'o, wato Baturen da ke duba gundumomin wannan yanki. Shekarata biyu da kama aiki, ina da kamar ashirin da huɗu a duniya. Na yi karatun boko a Sakkwato, kuma gaskiyar magana ina ji da kaina. A duk Gusau, 'yan ƙasa masu karanta rubutun hannun Bature ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba.

Bari in bayyana muku tsarin aikin, don ba irin na yanzu ba ne. Di'o ba ya ba talakawa umarni kai tsaye. Duk abin da ya shafi mutanen gari, ta hannun hakimi yake bi. Hakimai kuwa da malamansu ajami suke karantawa. Saboda haka takarda in ta zo da Turanci, ni ne zan mayar da ita Hausa, in rubuta da ajami, masinja ya kai. In Di'o ya fita rangadi, akwai doka tsayayya: takardar da aka sa wa alamar gaggawa, in buɗe, in fassara abin da ya shafi hakimi in aika masa, asalin kuma in ajiye har maigidan ya dawo.

A wannan rani gwamnati na haƙa rijiyoyin siminti a ƙauyuka. Akwai Bature guda mai kula da aikin, mutane na ce masa Mai Rijiya. Ba ya zama wuri ɗaya. Kowace rijiya tana da heluma, wato shugaban leburori, shi kuwa yana zagayawa yana dubawa. Heluman rijiyar Karakkai, a ƙasar Bunguɗu, sunansa Nomau.

Ran Talatar nan da hantsi, Di'o yana rangadi a wajen Tsafe, sai ga masinja a guje da takarda daga Mai Rijiya. Da fensir ya rubuta ta, a bayan wata takardar siminti, layi huɗu kacal. Layin farko ya ce mutum ya faɗa rijiyar Karakkai ya mutu, sunansa Labbo. Layi na uku ya ce a ajiye igiyar. Na huɗu ya ce a riƙe Nomau har ya dawo, domin shi ya wuce rijiyoyin arewa, sai bayan kwana goma sha biyu. Layi na biyu kuwa, har yau ina ganinsa a idona:

Bad fray near the top.

Kalma ta biyun nan, mai harafi huɗu, na san ta. A makaranta mun karanta wani labarin mayaƙan da, aka ce jarumi ya kutsa cikin fray. Na ɗaga hannu na tambaya, malaminmu ya ce ma'anarta faɗa, irin wanda ya kaure har ba a san na wane da wane ba. Na rubuta a littafina, na haddace. Don haka ban ko tsaya ba. Na ɗauki alƙalami na rubuta wa hakimin Bunguɗu cewa Bature ya ce an yi mummunan faɗa a bakin rijiya, mutum ya faɗa ciki ya mutu, a ajiye igiya, a tsare Nomau. Ku lura, kalmar da Bature ya sa a layi na huɗu tana iya zama a riƙe mutum kusa, tana iya zama a tsare shi. Amma da na riga na ga faɗa a layi na biyu, sai na zaɓi tsarewa. Kuskure ɗaya ya haifi ɗan'uwansa.

Kafin azahar masinja ya kama hanya. Ni kuwa na koma kan aikina, har ina jin daɗin saurin da na yi.

Abin da ya biyo baya daga bisani na ji shi. Hakimi ya aika dogarai Karakkai. Suka tambayi leburori, "Kun ga Nomau da Labbo sun yi faɗa?" Mutum biyar suka ce sun gani, da safiyar ranar, har Labbo ya ture Nomau, aka shiga tsakani. Kuma Nomau ne ke kan igiya lokacin da Labbo ke sauka. Shi ke nan. Takardar Bature ta ce faɗa, shaidu sun ce faɗa. Aka ɗaure hannuwansa, aka tiso ƙeyarsa a ƙasa har Bunguɗu, matarsa na bin su a baya da ƙwaryar ruwa. Alƙali ya saurari shaidu, ya ce maganar rai ce, ba ta ƙarewa a gabansa, sai Sakkwato. Aka sa ranar Alhamis ta sama za a tafi da shi.

Kwana shida ina cin tuwona ina barcina.

Ran Litinin aka aike ni sansanin masu aikin dogo in karɓo wasu takardu. Babban akawunsu wani dattijo ne ɗan Saliyo, muna kiransa Baba Saro. Ya daɗe a Arewa, Hausarsa ta nuna, sai dai ba ya iya cewa ƙ. Yana da ɗabi'ar gyara wa samari sutura. Ina miƙa hannu in karɓi takardun, sai ya kama hannun rigata, inda zare ya fara zazzarewa saboda gogar tebur. Ya ce da Turanci hannun rigata ya fara fray, in kai wa tela.

Na yi dariya na ce, "Baba, da wa hannun rigata yake faɗa?"

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Wane faɗa?"

Na ce, "Ai kalmar faɗa take nufi."

Ya ce, "Tana nufi. Amma ba shi kaɗai ba. Zauna."

Ya jawo wani ƙaton ƙamus da ya ɗaure da tsumma, ya buɗe, ya ɗora yatsa. Kalmar sau biyu aka rubuta ta, ɗaya a kan ɗaya. Ya ce ta farkon ita ce faɗa ko rikici, kuma tsohuwar magana ce, ta littattafai da masu jawabi. Akan ce wane ya shiga cikinta, wato ya tsoma kansa a rigima ko gardama. Ta biyun kuwa ta yau da kullum ce: tufa ko igiya ta goge har zarenta ya soma warwarewa. Ya ce har haƙurin mutum sukan ce ya yi hakan, in zafi da gajiya sun cinye shi ya kusa tsinkewa.

Ban ji sauran bayaninsa ba. Kalmar igiya kaɗai na riƙe. Na ce, "Baba, in mai aikin rijiya ya rubuta ta, ya ce mummuna ce, kusa da sama, sa'an nan ya ce a ajiye igiya?"

Ya ce, "Bature mai aikin rijiya ba ya rubuta kalmar littafi da fensir. Igiyarsa ce ta ci." Sai ya cire tabarau. "Me ka yi?"

Na gaya masa duka. Ya tambaye ni yaushe za a tafi da mutumin. Na ce gata, Alhamis. Ya ce Mai Rijiya fa? Na ce sai bayan kwana shida zai dawo.

Ba zan ɓoye muku abin da zuciyata ta raya mini ba. Ta ce ai shaidu biyar sun ga faɗa, watakila fassararka daidai ce. Ta ce in ma kuskure ne, Mai Rijiya zai dawo ya gyara, ba sai ka tona kanka ba. Na faɗi wannan ta biyun a fili. Baba Saro ya ce, "Ka taɓa zuwa Sakkwato a ƙasa, da ɗauri, a wannan zafi? Kwana nawa ne?" Na san tsawon hanyar sarai. Ya tashi ya fito da kekensa daga bayan ofis, ya ce in dawo masa da shi da ƙafafunsa biyu.

Washegari ina sallame asuba na hau, asalin takardar na cikin aljihuna. Tsafe ba kusa ba ce, kuma hanyar duk rairayi ne da ramukan masu aikin dogo. Sau biyu na sauka na tura. Sai bayan la'asar na isa, aka ce Di'o yana 'Yandoto yana duba iyakar gonaki, amma zai dawo bariki kafin faɗuwar rana. Na zauna a gindin wata tsamiya ina jira, ina ta shirya yadda zan faɗi maganar ta yi sauƙi. Da ya iso ya sauka daga doki, duk shirin ya watse. Na miƙa masa takardar kawai, na miƙa masa kwafin fassarata, na karanta masa ita.

Mutum ne mai ƙarancin magana, yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya karanta layin nan ya sake karantawa. Ya ce, "Wa ya gano wannan?"

Na ce, "Baba Saro ne ya nuna mini ɗayar ma'anar, ranka ya daɗe."

"Wa ya ce ka zo?"

"Shi ya ba ni keke. Amma kuskuren nawa ne."

Ya ce shi ma yana ganin igiya Mai Rijiya ke nufi, amma ganinsa ba shaida ba ne, tunda ga mutum biyar da suka ga faɗa da idonsu. Takarda ba za ta raba wannan gardama ba, sai igiyar kanta. Ya zauna ya rubuta wa hakimin Bunguɗu roƙon a dakatar da tafiya Sakkwato, a kawo igiya gaban alƙali, a sake jin shaidu. Ya miƙo mini ya ce in fassara. Na fassara. Ya ce in mayar masa da fassarar tawa zuwa Turanci, kalma bayan kalma, yana bi da yatsa. Sai da ya gamsu ya sa hannu. Ya ce, "Kai za ka kai. Maganarka kuma sai na dawo Gusau."

Ran Laraba na kwana a Gusau ƙafafuna sun kumbura. Masinja mai doki ya riga ni zuwa Bunguɗu da kwafin takardar, don kada a tashi da Nomau da sassafe. Ran Alhamis da hantsi na isa, na tarar an riga an kawo igiyar daga Karakkai. Mai garin ya naɗe ta ya rataye a zaurensa tun ranar, gutsuren biyu duka, domin wannan layin dai na fassara shi daidai.

Ranar na fara ganin Nomau. Gajere ne kakkaura, kamar ɗan shekara arba'in, wuyan hannuwansa duk sun saɓule. Yana zaune a ƙasa, bai ɗaga kai ya dubi kowa ba.

Alƙali ya sa aka kira wani tsoho mai tufka a kasuwar Bunguɗu, wanda ya yi shekaru yana tufka igiyar rama da ta ɓawon kuka. Idonsa ya yi rauni, da yatsu yake dubawa. Ya shafa bakin gutsuren farko, ya shafa na biyu, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce, "Allah shi gafarta Malam, wagga igiya ba wuƙa ta ci ta ba. In wuƙa ce, bakin zare kan zo daidai, kamar gemun da wanzami ya datse. Wagga kau ku duba, wani dogo wani gajere, kuma ta yi baƙi ta yi santsi kamu guda kafin inda ta rabu. Gungumen bakin rijiya ne ya yi ta cin ta. Tufka ukku ce, biyu sun daɗe da mutuwa. Ɗaya ce ta riƙe mutum har ta gaji."

Wani ya ce ai ana iya sakin igiya ba sai an yanke ba. Tsohon ya ce in an saki, da igiyar ta bi mutumin gaba ɗayanta, ba za ta rabu biyu ba. Leburori suka shaida cewa gutsuren sama yana hannun Nomau har aka taru, ya naɗe shi a damtse, sai da aka ɓamɓare yatsunsa.

Sai alƙali ya sake kiran shaidu biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wannan karon bai ce kun ga faɗa ba. Ya ce, "A kan mi suka yi faɗa?"

Na farko ya sunkuyar da kai. Ya ce a kan igiya. Nomau ya ce kada kowa ya sauka sai an kawo sabuwa, tun kwana uku ya aika a gaya wa Mai Rijiya. Labbo kuwa ya ce an kusa ruwa, ƙasa ta fara danshi, matan gari na tafiya nesa ɗebo ruwa, ba za a zauna jiran igiya ba. Ya kira Nomau matsoraci a gaban jama'a, ya ture shi, ya ɗaura igiya a ƙugu da kansa. Da Nomau ya ga ba zai hanu ba, sai ya karɓi igiyar daga hannun wani ya ce shi zai riƙe, don ya fi kowa ƙarfi. Sauran huɗun duk haka suka faɗa.

Alƙali ya ce, "Mi ya hana ku faɗin haka tun farko?"

Ɗayansu ya ce, "Ba a tambaye mu ba. Kuma an ce takardar Bature ta riga ta faɗi."

Shi Nomau ashe ya faɗi wannan duka tun ranar da aka kama shi. Ba wanda ya saurara. A nan take aka kwance shi. Kwanansa tara a tsare.

Da aka watse na bi shi waje, inda matarsa ke wanke masa hannu da ruwan ɗumi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ne malamin da ya rubuta takardar. Na yi ƙoƙarin bayyana masa yadda kalma ɗaya ta Turawa take da ma'ana biyu. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Malam, ni ban san Turanci ba, ban kuma san abin da ya sa suke kiran faɗa da cin igiya suna ɗaya ba. Na yafe maka har ga Allah. Amma mutanen Karakkai ba su zo nan ba. Abin da suka gani shi ne an wuce da ni a ɗaure. Gobe Juma'a. Ka zo ka faɗa musu da bakinka."

Wannan ba ya cikin umarnin Di'o, kuma akawun gwamnati ba ya tsayawa gaban talakawa ya ce ya yi kuskure. Na sani. Amma na je.

Bayan an sallame sallar Juma'a, mai gari ya ce jama'a su dakata. Na miƙe a ƙofar masallaci. Na ce Bature bai ce an yi faɗa ba, cewa ya yi igiya ta ci, ni ne na juya maganar. Na ce Nomau ya hana, ba a hanu ba, kuma alƙali ya wanke shi. Wasu suka yi ta salati, wasu dattawa suka je suka kama hannun Nomau. Sai wani dogon mutum ya taso daga sahun baya. Aka raɗa mini cewa yayan Labbo ne. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, jiya kun ce faɗa, yau kun ce igiya. Takarda ɗaya, mai karatu ɗaya. Gobe mi za ku ce?"

Ya juya ya tafi, danginsa suka bi shi.

Mai Rijiya ya dawo a ranar da ya faɗa. Da aka nuna masa takardarsa ya yi mamakin yadda za a fahimce ta wani iri. Ya ce igiya yake nufi, kuma cewa ya yi a riƙe Nomau kusa don shi ne zai shaida cewa ya nemi sabuwa ba a kawo ba. Bai ma san an yi wani faɗa ba. Sabuwar igiyar kuwa tana Gusau tun kafin abin ya faru, ba a sami mai kai ta ba ne. Di'o ya rubuta masa abin da ya rubuta, ban gani ba. Ni kuma aka hana ni buɗe takardar gaggawa har wata shida, aka sa abin a fayil ɗina, ya bi ni har na yi ritaya. Zuwana Karakkai Di'o ya ji labari, bai taɓa ɗaga mini maganar ba.

An gama rijiyar kafin damina, da Nomau a matsayin heluma. Amma bayan kaka ya kwashe iyalinsa ya koma Mada. Ya gaya wa mai gari cewa ba zai iya zama a garin da in ya wuce ake yin shiru ba. Dangin Labbo har suka tsufa suna cewa takardar farko ita ce gaskiya, ta biyun gyara ce irin ta ma'aikata.

To, ga abin da na ɗauka daga wannan, ku ma ku ɗauka in kun ga dama. Kalmar da ba ka sani ba ba ta cika cutar da kai ba, don za ka tashi ka tambaya. Wadda ka sani rabi ita ce abin tsoro. Tun daga lokacin, kafin in fassara layi sai na tambayi kaina wa ya rubuta, mene ne sana'arsa, kuma a kan me sauran layukan ke magana. In kalma ta rabu biyu ban tabbata ba, sai in rubuta duka biyun in sa a ƙasa cewa ban san wadda ake nufi ba. An yi mini dariya a kan haka, har wani Di'o ya taɓa cewa ni tafinta ne mai tsoro. Na ce na yarda.

Mutanenmu suna girmama rubutu fiye da yadda mu masu rubutun muke girmama shi. Abin da ya fara fita daga alƙalaminku shi za su riƙe, gyara kuwa sai wanda ya so ya karɓa. Na gyara takardar Nomau a gaban alƙali, na gyara ta a ƙofar masallaci, Bature ya gyara ta da bakinsa, duk da haka mutumin bai mutu a garinsu ba.